Ba a fafe gora ranar tafiya: lissafin lokaci ga masu bin miji ko mata zuwa ƙasar waje

Wata 14 ke nan ɗiyar yayana tana zaune a gidana a Agege. Ranar da ta sauka daga motar Gashuwa da akwati biyu, cewa ta yi, "Baffa, wata uku kawai zan yi muku, takarduna na fitowa zan wuce." Ta ajiye aikin koyarwar da take yi a gida. An sayar da gadonta da kujerunta na aure, tunda ba za a hau jirgi da su ba. Mijinta ɗan Nguru ne, yana Kanada da takardar zaman dindindin. Yaron kirki ne, bai yaudari kowa ba, yana aiko da kuɗin cefane, yana kira safe da yamma. Abu ɗaya ne ya tsayar da su: ranar da aka ɗaura auren ba ya ƙasar.

Da izininsu nake ba da labarin, ba kuma zan ambaci suna ba. Na ga ya dace a yi maganar a nan ne saboda mu mazauna kudu mu ne masaukin irin waɗannan matafiya. Duk wanda zai yi gwajin asibiti ko ganawa da jami'in biza daga Yobe, idan bai tsaya Abuja ba, to Legas zai zo, kuma a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago zai sauke kaya. Mu muke ganin waɗanda suka wuce, mu muke ganin waɗanda suka maƙale. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, yawancin waɗanda suka maƙale ba rashin kuɗi ne ya fara kayar da su ba. Abin da ya kamata su yi a farko suka bari sai ƙarshe, wanda ya kamata su jinkirta kuma suka yi shi da gaggawa.

Mutanenmu sun san lokaci, sai dai a kasuwa

Abin mamaki ne a ce mutumin Nguru ko Gashuwa ya yi kuskuren lokaci. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru wajen 1930, garin ya zama mashigar kudu. Shanu, banda, busasshen kifi daga fadamun Haɗejiya da Nguru, wake, kanwa, ƙaro, duk ta nan suke gangarowa. Da yawa daga cikinmu da ke Sabon Ibadan da Shagamu da Legas, wannan fataucin ne ya kawo iyayenmu. Ɗan kasuwar wake ya san da kaka ake saye, ya san watan da ake fitarwa. Mai kifi ya san idan ya kwana biyu bai loda ba, asara ce. Amma da zarar an zo maganar biza, sai mu mayar da ita kamar sa'a, mu miƙa wa wani ejan, mu ce Allah Ya kawo rabo.

Rabo na Allah ne, babu ja. Sai dai wannan hanya ta aure ta ƙara muhimmanci ne saboda sauran ƙofofin suna ta rufewa. An cire Najeriya daga cacar bizar Amurka fiye da shekara 10 da suka wuce. Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali daga Janairun 2024, ta hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tafiya da iyali daga 11 ga Maris 2024, sannan a Yulin 2025 ta rufe ɗauko sababbin irin waɗannan ma'aikata daga waje. Kanada kuma a Oktoban 2024 ta rage yawan waɗanda za ta bai wa zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Saudiyya da iyayenmu suka fi sani, iƙama ce ake sabuntawa, ba zaman dindindin ba. To ka ga wanda ke da miji ko mata a can, shi ne ƙofarsa ta rage a buɗe, ita ma ba kullum ba.

Matakin farko yana wurin ɗaurin aure

A al'adarmu, kuma a shari'a, wakilin ango ya karɓa, waliyyin amarya ya bayar, shaidu sun ji, an ambaci sadaki, aure ya ɗauru. Haka aka yi wa ɗiyata a Gashuwa. Ango yana kallo ta WhatsApp, ana ta yi masa barka. Babu malamin da zai ce auren nan da saura.

Amma dokar shige da fice ta Kanada, tun watan Yunin 2015, ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta hanyar wakili ko waya ko intanet, wato wanda ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarta da jikinsa ba. Amurka tana karɓa ne kawai idan an nuna ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin auren. Birtaniya ta fi sassauci, tana duba ko auren ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Ƙasa uku, hukunci uku, a kan aure ɗaya.

Su ɗiyata ba su san wannan ba sai bayan sun biya kuɗi sun tura takardu, aka kwashe watanni. Daga baya ne lauya a can ya ba su shawara, mijin ya nemi hutu ya zo, suka tsaya su biyu a gaban magatakardar aure suka sa hannu, aka sake turawa daga farko. Da an ɗaga ranar biki da wata biyu zuwa lokacin hutunsa, da duk wannan bai taso ba. Mahaifiyarta ce ta ƙi, ta ce an riga an raba goro, mutane za su yi magana. Yanzu ita ce kullum take kirana tana cewa, "Baban yara, wai har yanzu shiru?"

A nan ma akwai wani tarkon. Mutane da yawa suna rugawa Ikoyi ko wani ofishin rajistar aure don a samu takarda mai tambarin gwamnati, ba tare da sun tambayi abin da ta ƙunsa ba. Auren da aka yi ƙarƙashin dokar aure ta tarayya na mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi, a idon dokar, ba shi da damar ƙara aure muddin wannan yana nan. Wanda kuma yake da wata matar tun farko, ba ya halatta ya yi irin wannan rajista da wata daban. Namiji ya san abin da yake sa wa hannu, iyayen yarinya su ma su sani. Sannan duk ƙasashen nan uku mace ɗaya suke karɓa. Idan mai neman 'yarka yana da uwargida a can, ka yi tambaya tun kafin a sa rana, kada 'yarka ta zama matar waya har abada.

Wani kuskuren na masu shirin tafiya ne. Saurayi ya cike takardun Kanada yana gwauro, kafin su fito aka yi masa aure a gida, sai abokai su ce ya yi shiru kada a jinkirta shi, in ya isa ya ɗauko ta. Wannan shawara ce mai kashe gida. A dokarsu, matar da ba ka bayyana ba lokacin da kake karɓar zaman dindindin, asali ba ka da ikon ɗauko ta daga baya, kai kanka kuma kana iya shiga tuhumar ɓoye gaskiya. Jinkirin wata shida ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Takardun da suke tsufa, da waɗanda ba sa tsufa

Na raba takardun tafiya gida biyu, kuma duk wanda ya sauka a gidana haka nake gaya masa.

Akwai waɗanda ba sa lalacewa, su ake fara nema tun ana maganar baiko. Takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, lambar NIN, fasfo, takardun makaranta, shaidar aure. Matsalarmu a nan sananniya ce: a WAEC an rubuta suna da sunan gari, a NIN an sa sunan kaka, a fasfo kuma ranar haihuwa 1 ga Janairu saboda wanda ya cike bai tambaya ba. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. Jami'in da ke zaune a wata ƙasa kuwa mutum uku yake gani. Gyaran nan yana cin watanni, da zirga-zirga tsakanin Gashuwa da Damaturu, wani lokaci har Abuja. Kuɗin fasfo ma bai tsaya ba: mai shafi 32 ya koma naira 50,000 a Satumban 2024, ya koma 100,000 a Satumban 2025. Wanda ya yi da wuri ya huta.

Akwai kuma masu tsufa kamar ɗanyen kifi. Gwajin tarin fuka da Birtaniya ke buƙata daga 'yan Najeriya wata 6 yake yi, kuma a asibitocin da suka amince da su kaɗai ake yin sa, irin na hukumar IOM a Abuja da Legas. Gwajin lafiya na Kanada wata 12 ne, kuma ranar ƙarshe da za a ba ka ta shiga ƙasar tana ɗaure da shi ko da ƙarewar fasfonka. Bizar zama ta Amurka ba ta wuce wata 6 kafin a shiga da ita. Waɗannan ba a yin su don ɗoki. Ana yin su ne lokacin da aka nema, ko lokacin da sauran kaya suka kammala. Na ga wanda ya yi gwaji sau biyu saboda na farkon ya mutu yana jiran mijin ya haɗa takardun albashi.

Shi ma mai ɗaukowa yana da nasa lissafin. A Birtaniya hanya mafi sauƙi ita ce ya nuna albashin wata 6 a wurin aiki ɗaya. Idan ya canza aiki ana gab da turawa, lissafin ya sake. Idan da ajiya zai nuna, ita ma sai ta yi wata 6 a asusu, don haka kuɗin da aka ranto daga 'yan canji aka zuba jiya ba zai yi aiki ba. A Kanada kuma wanda yake da zaman dindindin kawai, bai zama ɗan ƙasa ba, dole ya kasance yana zaune a can yayin da ake duba takardun. Wanda ya zama ɗan ƙasa shi ne zai iya turawa yana Najeriya, muddin ya nuna zai koma. Wannan ya taɓa surukin nawa sosai. Mahaifinsa yana fama da ciwon ƙoda, ciwon da duk ɗan yankin Bade da Nguru ya san yadda ya addabi gidaje, ana kai shi wankin ƙoda. Yaron yana so ya zo ya zauna da shi wata shida, amma bai isa ba, sai dai ya leƙo ya koma.

Siyasar can ba ta jiran bikinmu

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya hannun kowa a cikinmu, kuma shi ya sa na ce idan kaya sun kammala kada a zauna.

A duba Birtaniya. Tun 2012, wanda zai ɗauko mata ko miji sai ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. A ranar 4 ga Disamba 2023 sakataren cikin gida na lokacin, James Cleverly, ya ba da sanarwar za a kai shi fam 38,700. Da aka yi ca, sai aka ce za a hau a hankali, aka fara da fam 29,000 daga 11 ga Afrilu 2024. Wanda ya tura ranar 10 ga wata, da tsohon ma'auni aka auna shi, kuma da shi za a ci gaba da auna shi wajen sabuntawa. Wanda ya tura washegari, sai ya nemo ƙarin fam 10,400 a shekara. Kwana ɗaya tak. Gwamnatin Leba da ta hau a Yulin 2024 ta dakatar da ƙarin, ta miƙa wa kwamitin masu ba da shawara, wanda a Yunin 2025 ya ce kada a kai 38,700. Amma ba a koma tsohon ba.

Kuɗin nema ma haka. A 2025 bizar aure daga waje fam 1,938 ce, ga harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko. Idan aka haɗa, sun haura fam 5,000 kafin tikitin jirgi. Sai a tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da shanu ya ajiye naira yana jira, ya ga yadda kuɗin suka narke a hannunsa.

Amurka ta fi kowa saurin juyawa. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama. Biden ya soke ranar da ya hau, 20 ga Janairu 2021. Da Trump ya dawo, a Yulin 2025 aka rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa wata 3, shiga ɗaya. A Disamban 2025 kuma ya sake sa hannu a wata sanarwar da ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga daga 1 ga Janairu 2026, har da masu bizar zama, maƙwabciyarmu Nijar kuma aka rufe mata gaba ɗaya. Wanda bizarsa ta fito ya ce bari ya tsaya a yi bikin ƙanwarsa, ko a gama girbin shinkafa a fadama, ya ɗauki kasadar da bai san girmanta ba. Duk mai takardu a layin Amurka yanzu, ya nemi lauya na gaskiya a can ya duba masa matsayinsa, ya bar jin labarin majalisar shayi.

Bayan an sauka ma akwai lissafi

Iyaye mata musamman, ku saurara. Sauka a filin jirgi ba shi ne zaman dindindin ba a ko'ina.

A Kanada, matar da aka ɗauko tana sauka ne da zaman dindindin nata na kanta. Sharaɗin zama tare na shekara 2 da aka taɓa sawa an soke shi a 2017. Mijin ya ɗauki alkawarin ɗawainiyarta na shekara 3, ko da auren ya mutu. Ita kuma sai ta zauna a ƙasar kwana 730 cikin kowace shekara 5 don riƙe matsayinta, don haka zuwa wankan jego gida a zarce shekara da shekaru yana da haɗari.

A Birtaniya hanyar ta fi tsawo. Wata 33 ake fara bayarwa, a sabunta na wata 30, sai an cika shekara 5 sannan a nemi zaman dindindin, kowane mataki da kuɗinsa da jarrabawar Turancinsa. Cikin shekarun nan zamanta yana rataye da auren. Idan aka rabu ana iya yanke bizar, sai dai akwai tanadi na musamman ga wadda aka ci zarafinta. Ya kamata kowace yarinya ta san wannan tun tana gida, ta kuma riƙe fasfonta a hannunta.

A Amurka, idan auren bai kai shekara 2 ba ranar da aka shiga, katin zama na wucin gadi ake bayarwa na shekara 2, sai an koma an tabbatar auren yana nan. Idan ya haura shekara 2, katin shekara 10 ne kai tsaye.

Shawarata ga 'yan uwa

Idan za ka ba da 'yarka ga wanda ke waje, ka tambaye shi wace takarda yake da ita, ka ce ya nuna. Ɗalibi daban, mai bizar aiki daban, mai zaman dindindin daban, ɗan ƙasa daban. Wannan ba rashin kunya ba ne, ai ko a gida ana binciken sana'ar mai neman aure. A sa ranar ɗaurin aure lokacin da ango zai iya zuwa, a ɗauki hotuna, su biyu su sa hannu a takardar shaida, a adana tikitinsa da tambarin shigowarsa. A gyara suna da ranar haihuwa tun kafin lefe. Kada a biya wanda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci. Ƙa'idojin nan duk a rubuce suke a shafukan gwamnatocin, kyauta, yaron da ya gama Jami'ar Tarayya ta Gashuwa zai iya karanta maka su.

Sannan kada a ajiye aiki, kada a sayar da gona ko kayan ɗaki, kada a kwaso yarinya a kawo ta Legas, sai biza ta shiga fasfo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ta zauna a ɗakinta ko gidan iyayenta, ta ci gaba da sana'arta, ta zo kudu na kwana biyu idan an kira ta gwaji. Idan kuma bizar ta fito, a bar jan ƙafa, a yi sallama a tafi.

Mu ma masu masauki da namu laifin. Kunya takan hana mu yi wa baƙo tambaya, sai mu shimfiɗa tabarma mu yi shiru. Da na tambayi yayana tun ranar da ya kira ni yana cewa an sa rana, da wataƙila na ce masa a dakata.

Ɗiyata yanzu ta samu wata makarantar Islamiyya a nan unguwa tana koyar da yara lissafi, don zaman ya ishe ta. An kira ta gwajin lafiya a watan jiya, ta yi. Jiya da daddare ta ce mini, "Baffa, wannan karon ba zan ce wata nawa ba." Na ce haka ya fi. Allah Ya sada ta da mijinta cikin alheri, Ya ba surukinta lafiya, mu kuma da ke zaman kudu Ya mayar da mu gida lafiya.